Tsofaffin Gem a Sabuwar Kwamfuta: Gyara Ne ko Shiga Gonar Wani?

Duk wanda ya tashi a nan Sabo tsakanin shekarar 2000 zuwa 2012 ya san gidan gem, ko da kuwa a gida an hana shi zuwa. Ɗan shago ne mai benci biyu, da talabijin mai ƙeya guda uku ko huɗu, sai janareta a bakin ƙofa saboda in an ɗauke wuta. Can kuɗin tararmu ya ƙare. Can kuma da yawanmu muka fara jin Yarbanci sosai, domin yaran Mokola ma nan suke zuwa, kuma wanda aka zura masa ƙwallo uku a Winning Eleven ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane abin da ake faɗa masa.

Yau waɗancan injinan sun tsufa. Kamfanin Sony ya fitar da PlayStation 2 a Japan cikin watan Maris na 2000, ya sayar da sama da miliyan 155, ya daina ƙera shi a farkon 2013, sannan a 2018 ya daina karɓar gyaransa a can Japan ɗin ma. Wanda ya rage a hannun mutane, idon da ke karanta faifai ya gaji, faifan sun kakkarce, talabijin ɗin da aka yi shi dominta kuwa tana wurin 'yan gwangwan. To ina gem ɗin za su je? A watan Yuli na 2023 wata cibiya a Amurka mai suna Video Game History Foundation ta fitar da binciken da ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na gem ɗin da aka sayar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa yanzu. Ko kana da kuɗinka a hannu, babu mai sayar maka.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wani ƙanenmu mai gyaran waya da ya kira mu shagonsa, wai mu zo mu ga abin mamaki. Muka tarar da Jak and Daxter, gem ɗin PlayStation 2 na 2001, yana gudu a kan wata laftop tokumbo, hoto tas, ya cika allo, babu PlayStation ko ɗaya a wurin. Ba kamfanin da ya yi gem ɗin ne ya kawo shi kwamfuta ba. Wasu masoyansa ne kawai, 'yan sa-kai, suka yi aikin a lokacin hutunsu suka sake shi kyauta. Daga nan muka ɗauki 'yan kwanaki, bayan isha'i, muna gwada irin wannan aiki guda huɗu. Abin da muka gani ne za mu faɗa, da daɗinsa da ɗacinsa.

Amma bari mu fara raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Da yawanmu mun san emuleta, irin PCSX2, manhajar da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi PlayStation. Emuleta kamar tafinta take a kasuwar goro: gem ya yi magana da yaren tsohon inji, ita ta juya wa kwamfuta, kowace kalma sai ta bi ta bakinta. Ciniki yana yiwuwa, sai dai akwai jinkiri, kuma wani lokaci tafinta ya yi kuskure. Abin da muke magana a kai daban ne, mu kira shi dashe. A nan gem ɗin ne da kansa aka koya wa yaren kwamfutar yau, kamar ɗan Sabo da ya iya Yarbanci ya shiga Dugbe ya yi cinikinsa ba ɗan tsakiya.

Yadda ake dashen kuwa aiki ne na haƙuri. Kamfani ba ya ba kowa asalin rubutun umarnin da ya gina gem da shi. Abin da ke cikin faifai ko kaset lambobi ne zalla waɗanda inji kaɗai ke ganewa. Sai waɗannan mutane su zauna suna warware lambobin ɗaya bayan ɗaya, suna mayar da su rubutun da mutum zai iya karantawa, kamar tela da aka ba babbar riga ɗinkakkiya ya farke ta a hankali don ya gano yadda aka yanka ta. Masu tsanani a cikinsu ba sa yarda sun gama sai sun sake haɗa rubutun nasu ya fito daidai da na asali, ko lamba ɗaya ba ta bambanta ba. Haka aka yi wa Super Mario 64 na 1996, aka saki rubutun a 2019, dashensa na kwamfuta ya bayyana a 2020. Haka aka yi wa The Legend of Zelda: Ocarina of Time na 1998, aikin da ya ci kusan shekara biyu kafin a kammala shi a watan Nuwamba na 2021.

A cikin huɗun da muka gwada, na Zelda ne ya fi cika. Sunan dashen Ship of Harkinian, ya fito a watan Maris na 2022. Gaskiya Nintendo 64 bai yi tashe a nan Sabo ba kamar Sega da PlayStation, don haka yawancinmu da sabon ido muka kalle shi, ba wata tsohuwar soyayya da ta rufe mana ido. Na asalin hoto 20 yake nunawa a daƙiƙa ɗaya, wanda a idon yaron yau kamar gem ɗin yana ɗingishi ne. Dashen yana kai shi 60 ko fiye, amma ta hanyar hikima: lissafin gem ɗin na ciki yana nan a yadda yake, hotunan tsakiya kawai aka cike. Saboda haka tsalle da saran takobi suna faɗawa a daidai lokacin da masu gem ɗin suka tsara tun 1998. Wannan shi ne aikin mai gyara na ƙwarai, ya sa abu ya yi laushi ba tare da ya taɓa halinsa ba. Akwai kuma wani wuri da ake kira Water Temple, inda a na asali sai ka yi ta tsayar da wasa kana shiga jerin kaya don sa takalmin ƙarfe da cire shi, har ranka ya ɓaci. A dashen ana iya ɗora takalmin a kan maɓalli guda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a nan masu ɗakin su ne waɗanda suka shekara ashirin suna buga gem ɗin.

Na Jak and Daxter, mai suna OpenGOAL, shi ne ya fi ba mu mamaki ta fuskar wahala. Kamfanin Naughty Dog bai rubuta gem ɗin da yaren da kowa ke amfani da shi ba. Wani yare ne na cikin gida mai suna GOAL, wanda ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, Andy Gavin, ya ƙirƙiro. Don haka kafin 'yan sa-kan su taɓa gem ɗin sai da suka fara gano yaren kansa, suka sake gina masa kayan aiki daga tushe. Sun fara a 2020, zuwa 2022 ana iya buga gem ɗin daga farko har ƙarshe, daga baya Jak II ya biyo. A hannu kuwa, wallahi shi ne dai Jak ɗin da muka sani, nauyin tsallensa da juyinsa duk suna nan, sai dai an wanke masa fuska.

To yanzu a kwatanta da abin da masu kayan suka yi da kansu. A watan Satumba na 2020 Nintendo ya sake fitar da Super Mario 64 a kan Switch cikin wani kundi mai suna Super Mario 3D All-Stars. Ta hanyar kwaikwayo aka yi shi, hoto 30 a daƙiƙa, allon bai cika ba, baƙi hagu da dama, sannan kamfanin ya janye kundin daga kasuwa a ƙarshen Maris na 2021. A daidai wannan lokacin dashen 'yan sa-kai yana cika allo, ana iya kai shi hoto 60, an kuma gyara kyamarar da ta daɗe tana wahalar da mutane.

Labarin GTA ya fi wannan tsami. Wasu masoya sun warware GTA III da Vice City, suka sa wa aikin suna re3 da reVC. A watan Fabrairu na 2021 kamfanin Take-Two, uwar Rockstar, ya sa aka sauke aikin daga GitHub, a watan Satumba ya kai su kotu a Kalifoniya. Watan Oktoba aka janye tsofaffin gem ɗin daga shagunan intanet, ranar 11 ga Nuwamba aka fito da sabon gyaran kamfani mai suna Definitive Edition. Abin ya zo da kurakurai har ba a magana: ruwan sama da ke hana ganin hanya, fuskokin mutane a karkace. Cikin kwana takwas sai da Rockstar ya fito ya ba da haƙuri, ya kuma yi alkawarin dawo da na asalin a kwamfuta. Wanda ya yi kyauta an kai shi kotu, wanda ya karɓi kuɗi ya ba da haƙuri. Ba dole ne kuma abin ya tafi haka ba. Kamfanin id Software da kansa ya saki rubutun Doom a 1997, shi ya sa har yau gem ɗin ke gudu a kan kusan duk abin da ke da allo. Sega kuwa da ya ga aikin wani masoyin Sonic ɗan Ostireliya, Christian Whitehead, ɗaukarsa aiki ya yi, ya yi musu Sonic CD a 2011 da Sonic Mania a 2017.

Yabon gwani ya zama dole, mun yi. Amma da sauran magana.

Na farko, wasu daga cikin masu dashen ba su san inda za su tsaya ba. Ship of Harkinian yana da zaɓuɓɓuka masu ɗimbin yawa, har da wanda zai hana ka mutuwa da wanda zai cika maka aljihu. Ga wanda ya gama gem ɗin sau goma wannan nishaɗi ne. Amma mun ga yaro ɗan shekara goma sha biyu ya kunna su duka tun daren farko, ya ratsa ko'ina ba abin da ya taɓa shi, ya ajiye hannun gem ɗin ya ce ba daɗi. Da gaskiyarsa, ai an cire wahalar, kuma daɗin a cikin wahalar yake. Haka a Mario, akwai masu ɗora masa hasken zamani mai ƙyalli, ruwa yana sheƙi kamar madubi a kan duwatsun da aka zana da 'yan layuka kaɗan. Sai abin ya zama kamar an shafa wa tsohon gini fentin mota. Shawararmu ga wanda zai fara, ya bar komai yadda ya zo, allo da santsin hoto kawai zai taɓa.

Na biyu, dashe ba ya mayar da jaki doki. Na huɗun da muka gwada shi ne Unleashed Recompiled, wanda ya fito a watan Maris na 2025, ya kawo Sonic Unleashed na Xbox 360 zuwa kwamfuta, gem ɗin da tun fitowarsa a 2008 bai taɓa zuwa can ba. An yi shi da wata sabuwar hanya inda manhaja ce ke juya lambobin da kanta, irin wadda aka yi wa Majora's Mask da ita a watan Mayu na 2024. Hanyar ta fi sauri nesa ba kusa ba, sai dai rubutun da take fitarwa ba mai daɗin karantawa ba ne ga mai son koyo. Matakan rana, inda Sonic ke sheƙa gudu, sun yi kyau matuƙa. Amma matakan dare, inda yake rikiɗa ya zama wata dabba mai dogayen hannuwa yana ta dambe, yadda suke da tsawo da gundura a 2008 haka suke yau. Sannan laftop ɗin ƙanen namu da ta ɗauki Mario da Zelda ba ko tari, a nan sai da ta yi nishi. Mario 64 gaba ɗayansa megabait 8 ne, Zelda 32, shi kuwa Sonic maganar gigabait ake yi. Mai sayen data da kuɗin guminsa ya san bambancin.

Na uku, kuma wannan ya fi damun mu. Ana yawan cewa masu dashe suna ceton tarihi ne, a kawo waccan ƙididdiga ta kashi 87. To amma wa aka ceta? Mario 64 da Zelda suna nan a tsarin biyan kuɗi na Nintendo Switch Online tun 2021. Jak and Daxter ana sayar da shi a PlayStation 4 da 5. Sonic Unleashed yana gudu a sababbin Xbox. Duka huɗun ba su cikin waɗanda suka ɓace. Waɗanda ke bakin kabari su ne ƙananan gem marasa suna, waɗanda kamfanoninsu suka rushe, kuma su ba su da taron masoyan da za su ba su shekara biyu na rayuwarsu. Mutum abin da ya taso da shi yake dasawa, ba laifi ba ne, amma a kira shi da sunansa: ƙauna ce, ceton tarihi kuwa ɗan kaɗan ne a ciki.

Nan ne ma muka ga namu gurbin. Duka huɗun nan gem ne na mutum ɗaya, yaro shi kaɗai a ɗakinsa. Mu kuwa ba haka muka buga gem ba. Namu na benci ne, mutum biyu da hannu, goma a tsaye suna ihu, wanda aka ci ya tashi. Aikin masoya da ya fi kama da rayuwarmu a Brazil aka yi shi, inda wani mai gidan gem ya fara gyara Winning Eleven na PlayStation 2 yana sa ƙungiyoyin ƙasarsu da sababbin 'yan wasa, abin da ya shahara da suna Bomba Patch. Su ma masoyan Mario sun ƙara masa hanyar da mutane da yawa za su buga tare ta intanet, kuma mun yaba. Amma ihun benci ba ya bi ta waya.

Sai maganar haƙƙi, wadda mun san dattawanmu za su tambaya. Masu dashe na kirki ba sa raba hoto ko sauti ko kiɗan gem ɗin, domin na kamfani ne. Rubutun nasu kawai suke bayarwa, su ce ka kawo naka faifan ko kaset ɗin, manhajar ta ciro sauran daga ciki. Wannan tsari ne mai kyau, kuma da alama shi ya sa Ship of Harkinian da OpenGOAL suke nan har yau, alhali Nintendo ya bi sawun waɗanda suka riƙa raba Mario 64 a haɗe ya sa aka sauke. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu nawa ne a Sabo muka taɓa riƙe faifan asali? Na gidan gem duk kwafi ne, kowa ya sani. Manhajar ba ta da hanyar sanin ko ka saya ko ba ka saya ba, don haka nauyin ya dawo wuyanka. A ganinmu akwai bambanci tsakanin wanda ya rayar da abin da ya saya, ko abin da mai shi ya daina sayarwa, da wanda ya kwashi abin da ke kan kanta yau. Manhajar Yuzu gem ɗin Switch da ake kan sayarwa take buɗewa, kuma masu ita sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 a watan Maris na 2024. Masu dashen Zelda ba a layinsu suke ba. Mu 'yan unguwar da rabinta ke cin abinci da gyara, daga waya zuwa janareta zuwa keken ɗinki, ba za mu yarda a ce buɗe abin da ka saya don ka gyara shi sata ne ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma ba za mu ce don abu ya tsufa ya zama na kowa ba.

Gargaɗi ɗaya ga matasa: duk shafin da ya ce ga gem ɗin a haɗe, danna kawai ka sauke, ku yi hattara da shi. Ta irin wannan ƙofa ake cusa manhajar sata, kuma laftop ɗin da kake gem da ita sau da yawa ita ce yayanka ke shiga asusun banki da ita. A je shafin masu aikin na asali, ko a haƙura.

Hukuncinmu dai shi ne, a matsayin gyara, Ship of Harkinian da OpenGOAL aiki ne da ya kai a cire masa hula, dashen Mario yana biye da su in an bar shi ba kwalliya, na Sonic kuwa sai mai kwamfuta mai ƙarfi da haƙurin matakan dare. Amma abin da ya fi gem ɗin amfani gare mu shi ne rubutun da aka bari a buɗe. Yaron da ke iya gano layin da ya yanke a cikin waya da ɗan madubi da abin walda, zai iya zama ya karanta yadda aka sa Mario ya yi tsalle, kyauta, a GitHub. OpenGOAL ma yana karɓar fassarar 'yan sa-kai, kuma a jerin harsunan da muka gani a ciki babu Hausa. Ƙanen namu ya ce zai gwada fassara jerin zaɓuɓɓukan farko in ya samu abokan aiki biyu, ɗaya mai Turanci ɗaya mai Hausa sosai. Shagonsa na nan inda kuka sani, bayan isha'i yake samun sarari. Wanda ke da tsohon faifan asali a ƙasan akwati kuma, don Allah kada ya ba 'yan gwangwan, ya kawo.